Shawarwarin Mutanen Unguwa Bayan Hukuncin Kotu

Bayan Babbar Kotun Jihar Kaduna ta yanke wa ɗan sara-sukan da ya kashe wani matashi garin ƙwacen waya hukuncin kisa, dattawa da matasan unguwarmu sun zauna sun tattauna, kuma shawarar da ta fi rinjaye ita ce iyalan mamacin su daure, domin shari'ar ba ta ƙare ba. Wani lauya ya bayyana cewa wanda aka yanke wa hukuncin yana da kwana 90 na ɗaukaka ƙara, yana kuma iya kaiwa har Kotun Ƙoli a Abuja, sannan ba a zartar da kisa sai gwamna ya sa hannu.

An daɗe a kan batun shaidu, kuma a ganina nan ne ciwon yake, tunda maƙwabta da dama sun ga abin da idonsu amma tsoro ya hana su zuwa kotu. An roƙi mai unguwa da limamai su riƙa raka shaidu, kada a bar mutum shi kaɗai.

Dattawa sun kuma gargaɗi matasa da su daina ɗaukar doka a hannunsu, kada kuma a tsangwami mahaifiyar mai laifin.