Majami'u biyar a unguwa ɗaya, amma mun kasa haƙa rijiya guda

Ɗan Zumuntar Matasa:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina roƙon manya su ba ni haske. A unguwarmu majami'u biyar ne tsakanin kasuwa da bakin rafi, kowace da ɗarikarta. Da rani ya shigo, mata da yara sukan tashi tun asuba su bi layin ruwa, kuɗin jarka wajen 'yan garuwa kuwa ya fi ƙarfin gwauruwa. Sai mu matasa muka rubuta wa dattawa takarda cewa a yi baiko na musamman, a haɗa kuɗin a haƙa rijiyar burtsatse guda inda kowa zai ɗiba, har da maƙwabtanmu Musulmi. Ba wanda ya ce a'a. Amma maganar ta maƙale a kan filin da za a haƙa da kuma sunan da za a rubuta a jikin tanki. Tun daga nan shiru.

Muna karanta addu'ar Yesu a Yahaya 17, inda ya roƙa mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata. To haɗin kan namu sai ranar da aka kai mana hari ne, a kira taron CAN, wato ƙungiyar Kiristocin Nijeriya? Ko akwai inda ɗarikoki suka taɓa haɗa hannu da aljihu a ƙasar nan, in kai wa dattawanmu misali?

Baba Dattijo, Bukuru:

Ɗana, misalai suna nan, wasu ma iyayenka sun kwanta a gadonsu. Ka fara da TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. Ɗarikokin COCIN da EYN da LCCN da HEKAN da NKST duk suna ciki. Waɗannan ba su yarda da juna a kan komai ba, ko a kan baftisma ma akwai bambanci: wasu suna yi wa jarirai, wasu sai mutum ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa. Duk da haka suka amince su koyar da fastocinsu a aji ɗaya. Haka kwalejin tauhidi ta TCNN ta fara a 1959, ga ta nan Bukuru har yau. Idan an iya haɗa kai a kan koyar da tauhidi, wanda ya fi komai jawo gardama, ban ga abin da zai gagara a kan ruwan sha ba.

Sai maganar lafiya. Asibitin Vom tun 1922 yake aiki, asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950. Je ka duba layin marasa lafiya a Kano ko Galmi, yawancinsu Musulmi ne, kuma ba a tambayar kowa addininsa kafin a duba shi. A 1973 Katolika da sauran ɗarikoki suka kafa CHAN, ƙungiyar Kirista ta kiwon lafiya a Nijeriya, domin asibitocin mishan su tsaya tare, har da sayen magani a dunƙule don ya yi sauƙi kuma a tsira daga jabu. Ka lura, CHAN ta girmi CAN da shekara uku. Hidimar marasa lafiya ta haɗa mu tun kafin maganar kare kanmu ta zo. Wannan nake so ka faɗa wa dattawanku, cikin ladabi.

Mama 'Yar Zumuntar Mata:

Ɗana, ni ban yi karatun tauhidi ba, abin da idona ya gani zan faɗa. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram suka shiga Mubi, suka kama hedkwatar EYN a Kwarhi, muka watse cikin daji da yara a baya. Ni 'yar EYN ce tun haihuwa. Da muka isa Yola, harabar babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa ce ta karɓe mu, kuma ba a raba mu ba, ga Kirista ga Musulmi, tukunya ɗaya. Matan zumunta na wasu ɗarikoki suka riƙa kawo zannuwa da masara da sabulu. Wata da ban san sunanta ba ta cire takalminta ta ba ni, don ƙafata duk ƙaya ce.

Daga baya Bishop Stephen Mamza ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje a Sangere-Marghi, ya gina coci da makaranta, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Abin da yake ci mini rai shi ne, me ya sa sai da wuta ta ci gidajenmu muka san juna? Ku je wajen matan zumunta na majami'un nan biyar. Su ne masu ɗaukar jarka, su suka san zafin abin.

Mai Bishara daga Kudancin Kaduna:

Mama, Allah ya ƙara warkar da zuciya. Amma ina da ɗan gyara, kada matasa su ɗauka duk dattijon da ya yi jinkiri mai son suna ne. Tambayar fili tambaya ce ta gaske. Na ga rijiyar haɗin gwiwa da ta lalace, shekara da shekaru ba gyara, domin kowa yana cewa ta wancan ce. Ko ikilisiyar farko a Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, ba addu'a kaɗai suka yi ba, sun zaɓi mutum bakwai suka damƙa musu aikin. Game da masallacin kuwa, gaskiya ni ba zan sa kuɗin baiko a ciki ba, kuma na san masu bi da yawa da suka ji haka. Ruwa da magani da abinci, waɗannan na yarda a ba kowa ba sharaɗi, kamar yadda Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa dukan mutane alheri.

Baba Dattijo, Bukuru:

Malam, a kan masallacin mun bambanta, ni ina ganin mutumin da ka ba ɗaki bai kamata ka bar shi yana salla cikin ruwan sama ba. Amma a kan gyara ka yi gaskiya. Ɗana, ku nemi mai unguwa ya ba da fili wanda ba na kowace majami'a ba ne, a rubuta a sa hannu. Kowace majami'a ta ba da mutum biyu, ɗaya mace, ku gayyaci limamin masallacin unguwa shi ma ya turo nasa. Asusu ya zama sai mutum uku sun sa hannu kafin a cire ko kwabo, kuma a ware kuɗin gyaran famfo tun kafin a kira masu haƙa. Tankin a bar shi ba suna.