Tarihin kamfanin da ya ƙera jirgin Lazair

Sani: Assalamu alaikum. Ina neman bayani game da kamfanin Ultraflight na ƙasar Kanada, wanda ya ƙera ƙaramin jirgin sama marar nauyi mai suna Lazair. Ta yaya ya fara, kuma me ya durƙusar da shi?

Habibu: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Dale Kramer ne ya tsara jirgin a 1978, aka fara sayar da shi a 1979 daga Port Colborne a lardin Ontario, mai saye yana karɓar sassan ya harhaɗa da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne injinansa biyu na farko, domin na zarton yankan itace ne aka ɗora a kan fukafukai, kafin a musanya su da na kamfanin ƙera injuna na Rotax masu ƙarfi.

Rabi'atu: Malam Habibu ya yi daidai. Game da durƙushewar kuwa, kasuwar irin waɗannan jirage ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980, bayan labaran haɗurra sun tsoratar da masu saye, tsadar inshora kuma ta fi ƙarfin ƙananan kamfanoni.