Shawarwarin matan Aboabo kan ƙawata ɗaki da tsofaffin tuluna

A zaman da matan unguwarmu suka yi a Aboabo, Kumasi, gab da faɗuwar damina, hira ta karkata kan tsofaffin tuluna da kwalaben tangaran da wasu ke tarawa.

An fi daɗewa kan yadda ake gane na ƙwarai. Wata hajiya ta ce a ƙwanƙwasa da yatsa: wanda ya sha wuta sosai, wajen digiri 1200, amonsa garau yake, yana da nauyi, ruwa kuma ba ya tsattsafowa ta gindinsa. Idan sautin ya dushe, akwai tsaga a ɓoye. Ta ce a riƙa juya gindin a duba hatimin wanda ya gina shi, domin Bature Michael Cardew, sanannen maginin tangaran, ya gasa irin wannan tangaran a ƙauyen Vume da ke yankin Volta daga 1945 zuwa 1948. Tukwanen Pankrono, wata unguwa a Kumasi, da asanka, wato kaskon niƙa kayan miya, kuwa gashin fili ne, suna shan ruwa, sai a sa musu faranti a ƙasa.

Wanki, ruwan ɗumi da tsumma sun isa. Soson ƙarfe yana cinye ƙyallin.

Inda na fi gamsuwa shi ne gargaɗin wata malamar asibiti: kada a zuba abinci a tsohon tangaran mai fenti, wani na ɗauke da dalma. In an sa furanni, a sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro, ko a sa busassun zangarniyoyin gero. Tulu mai kumburarren gindi kuwa a ɗora shi bisa gammo, nesa da hannun yara.