Growth orientation: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

1/ Jama'a, ina fassara wata takardar tambayoyi ta masu zuba jari, sai na ci karo da growth orientation, na tsaya cak. Abin da ake nufi shi ne yadda kamfani ya ɗauki ƙara girma da zafi, da abin da yake iya haƙura da shi saboda haka. Har maki ake ba shi.

2/ Na fara rubuta "son ci gaba", na goge. Wane ɗan kasuwa ne zai ce maka ba ya so? Abin da kowa ke da shi ba ya aunuwa.

3/ Na kai maganar wurin wani dattijo a Kantin Kwari, ya ce, "Yaro, ai zafin nema ke nan." Na ce Baba, da sauran magana. Ga maƙwabcinka nan, kullum shi ke fara buɗe shago, shekara 30 ke nan, amma shagon bai haifi ɗan'uwa ba. Riba na shigowa, sai ta tafi gida, aure da fili. Zafin nema kam yana da shi. Baba ya yi dariya, ya ce to je ka nemo.

4/ Inda riba take kwana, nan ake dubawa. Nawa aka mayar cikin jari, nawa aka raba wa masu hannun jari? Ana cin bashi don buɗe reshe? Ana kutsawa sabuwar kasuwa? Amazon ya fara a 1994, bai rufe shekara da riba ba sai 2003. Tun a wasiƙar 1997 Jeff Bezos, wanda ya kafa shi, ya shaida wa masu hannun jari cewa mamaye kasuwa ne a gabansa, ribar kusa ta jira.

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo "himmar bunƙasa". Tana da daɗi a kunne, sai dai himma yabo ce zalla, alhali abin nan yana iya kai kamfani ya baro. WeWork, kamfanin ba da hayar ofisoshi, ya yi ta kama gine-gine haya a manyan birane, aka yi masa kuɗi dala biliyan 47 a farkon 2019, a Nuwamban 2023 ya bayyana karyewa. Wa zai kira wannan himma?

6/ Ni dai na karkata ga hanƙoron bunƙasa. Ku tuna doki ranar hawan sallah, yana jan linzami, mahayi na riƙe shi da ƙyar. Hanƙoro ba ya nuna za a isa ko za a faɗi, kuma yana da mai yawa da kaɗan, don haka yana ɗaukar maki. Shi kuwa aikin ba da makin, sai mu kira shi awon hanƙoron bunƙasa.

7/ Ga gwaji: "Kamfanin nan hanƙoron bunƙasarsa ya fi ƙarfin jarinsa." Na karanta wa Baba a waya, bai nemi ƙarin bayani ba, sai ya ce ya san mutum uku a layinsu masu wannan ciwon.

Masu ganin "faɗaɗa" ta fi "bunƙasa" dacewa, ina saurarenku kafin Litinin, ranar zan miƙa aikin.