Tambaya kan samar da kayan aiki ga injin da ke buga gini

Mai Awon Fili ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina bibiyar labarin injinan nan da ke zuba kwaɓin siminti layi bisa layi har bango ya tashi ba tare da an jera bulo ba, irin wanda kamfanin 14Trees ya gina makaranta da shi a gundumar Salima ta ƙasar Malawi a 2021, inda aka ce cikin awa 18 aka kammala bangon. Abin da ba a cika yin bayaninsa ba shi ne inda kayan ke fitowa. Shin siminti da yashin da muke saye a kasuwa za su yi, ko sai an yi odar kwaɓi na musamman daga waje?

Injiniyan Kankare ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Injin sau ɗaya ake sayensa, amma kwaɓi kullum ake nemansa, kuma a nan ne kuɗin yake tafiya. Ana buƙatar kwaɓin da zai bi ta cikin mesa ba tare da ya toshe ta ba, sannan da zarar ya fito ya riƙe kansa har ya ɗauki nauyin layin da za a ɗora masa bayan 'yan mintoci. Haɗa waɗannan halaye biyu ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa kamfanoni suka fara da nasu garin da aka riga aka haɗa a buhu: ICON na jihar Texas yana da Lavacrete, Holcim kuma yana da TectorPrint. Illar wannan tsari ita ce mafi yawan abin da ke cikin buhun yashi ne, don haka mai gini yana biyan kuɗin jirgin ruwa da kwastan da tirela a kan abin da tifa za ta iya kawo masa daga rafin garinsu.

Saboda haka ne kamfanin COBOD na Denmark da kamfanin siminti na Cemex suka fito da wani tsarin haɗa kwaɓi mai suna D.fab, inda kusan kashi 99 cikin ɗari na kayan, wato siminti da yashi da ƙananan tsakuwa, ake samunsu a wurin aikin, sinadarai kaɗan kawai ake shigowa da su. An gwada shi a Angola da Oman. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa, da sharaɗin a riƙa gwada kowace tifa, domin yashin da ya sha ruwan sama yakan canza kaurin kwaɓin gaba ɗaya.

Tsohon Ɗan Kwangila ya rubuta:

Ranka ya daɗe Injiniya, ka yi bayani, amma akwai batun lokaci. Birkila idan siminti ya yanke masa, sai ya wanke cokalinsa ya jira gobe. Injin ba ya jira, domin idan aka dakata layin ƙasa zai bushe ya ƙi kama na sama, abin da ya rage a cikin mesa da famfo kuma ya daskare. Dole ne kafin a kunna shi a tanadi kayan yini guda a sito, da tankin ruwa, da janareto na biyu, da safayar famfo, tunda ba a kasuwar 'yan safaya ake samunta ba.

Kada kuma a manta cewa bango kawai yake bugawa. Harsashi da rodi da kwano da tagogi da wayar lantarki duk ta tsohuwar hanya suke zuwa, kuma idan kafinta bai shirya ba, saurin bangon bai amfani kowa ba. Shi ya sa ake son aiki mai gidaje da yawa a wuri ɗaya, kamar gidaje 100 da aka buga da irin wannan inji a unguwar Wolf Ranch a Texas, don kuɗin ɗauko injin da kafa shi ya rarrabu.

Mai Awon Fili ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To jar ƙasa fa, ba za ta raba mu da wahalar jigilar ba?

Injiniyan Kankare ya rubuta:

An yi hakan, Malam. A 2021 kamfanin WASP ya kammala wani gida mai suna TECLA a garin Massa Lombarda na Italiya, wanda ya buga da ƙasar da aka haƙa a yankin. Sai dai ƙasa tana jinkirin bushewa, kuma ta kowane rami da irin halinta, don haka sai an tace ta an gwada kafin a zuba wa injin.