Taimin bel: wane suna za mu ba shi da Hausa?

'Yan uwa na Aboabo da Asawase, muna shirya bayani don masu canza taimin bel a gida, sai sunan ya gagare mu. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kowa taimin bel yake cewa, amma in ka faɗa wa wanda ba fita (makanike) ba, fambel, wato bel ɗin fanka, zai nuna maka. Fambel kuwa a fili yake, shi kuma taimin bel yana ɓoye a bayan murfi.

Wani malaminmu ya kawo "igiyar lokaci". Allah ya gafarta Malam, babu agogo a cikin inji. Aikin bel ɗin shi ne haɗa karanshaf (sandar ƙasa da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar sama mai buɗe bawul): na ƙasa ya juya sau 2, na sama sau 1, don bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta soma rawa, ƙarfinta ya ragu. In ya tsinke ana tafe, a injuna da yawa fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji.

"Ɗamarar inji" ta yi daɗin faɗa, to amma wace daga ciki?

Wani tsohon fita ya ce "bel mai haƙora". Masta, gaskiyarka, abin da ido ke gani ke nan. Ni dai na fi karkata ga "bel ɗin saiti", domin sunan da kansa yana yi wa mai aikin gida gargaɗi. Kafin ka cire tsohon, ka daidaita alamomin da ke jikin fulin sama da na ƙasa, ka ƙara shaida da farin fenti. Bayan ka sa sabon, kada ka taɓa makulli tukuna. Sa sifana ka juya inji da hannu zagaye 2, ka sake duba alamomin. In ka ji ya cije, tsaya nan.

Kuma sunan ya buɗe wa 'yar uwarsa hanya: mota irin Corolla mai fetur ta 2003 sarƙa gare ta, sai mu ce "sarƙar saiti".

Mafi yawa sun yarda, mun tsaya kan bel ɗin saiti. A shagon kayan mota dai ka ce taimin bel, kada a ba ka fambel. Saura tenshina, mai miƙe bel ɗin kada ya yi sako-sako, wanda ake canzawa tare da shi. Wa ke da suna?