"Transition énergétique" da Hausa: ƙarfe 8 nake da shiri

Ƴar Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa, ku agaza mini. Yau ƙarfe 8 na dare nake da shiri a rediyo, kuma takardar da aka ba ni in mayar da Hausa cike take da "transition énergétique". Nufin dai duniya ta rage dogaro da kwal da man fetur da gas, ta koma ga rana da iska da ruwa, kamar yadda ƙasashe suka amince a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Dubai a Disamban 2023. Na sa "sauyin makamashi", sai jimlar farko ta fito haka: "sauyin yanayi ne ya jawo sauyin makamashi". Kunnena ya ƙi karɓa.

Ɗan Tasawa:
A Nijar duk wanda ya ji "transition" riƙon ƙwarya ya sani. Ki ce riƙon ƙwaryar makamashi, kowa ya huta.

Ƴar Bagalam:
Yaya, so kake gobe da safe a kira ni ofis ke nan?

Mushen Mokoyo:
Ƙaura ce kalmar. Sauyi na iya zuwa dare ɗaya, kamar mutum ya sauya riga. Ƙaura kuwa sai an ɗaure kaya, an yi sawu biyu sawu uku, wani abin ya fashe a hanya. Ni na ma dunƙule ta wuri guda: ƙauramashi. Ɗalibaina sun riƙe ta cikin mako ɗaya.

Injiniyan Ali Ɗan Sofo:
Mushe, da girmanku, amma mai ƙaura barin tsohon gida yake. Mu wane gida muka bari? Matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram tana aiki tun 2011, an gina ta don ganga 20,000 a rana. Bututun Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, a 2024 ya fara kai mai. Kamfanin SONICHAR har yau kwal yake ƙonawa a Anu Araren don samar da lantarki. Ta ɓangaren rana akwai tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Wannan ƙarin ɗaki ne a cikin gida. Kuma ku tuna abin da ya sa mutane suka ruga sayen panno, wato farantin wutar rana, a nan Maraɗi: Agustan 2023 ne, da Najeriya ta yanke wutar da ke zo mana daga Katsina ta Gazawa. Wanda ya saya a lokacin firjinsa yake ceto, bai san da wani taron Dubai ba.

Mushen Mokoyo:
Takardar ai ba labarin Nijar kaɗai take ba. Turawa ƙaura suke.

Baba Mai Ritaya:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar tana ga "makamashi". Makamashi shi ne abin da wuta ka kamawa: kara, itace, gawayi, kashin shanu. To rana mi wuta ta kama a jikinta? Iska fa? Gidajen rediyon ƙetare da mutanen Kano sunka miƙe kalmar nan har ta tsinke, mu kuma munka bi ido rufe. Ku ce "ƙarfi". Ƙarfin rana, ƙarfin iska, ƙarfin ruwa.

Bakano a Maraɗi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma in ta ce "sauyin ƙarfi" a rediyo, masu maganin gargajiya za su ɗauka talla ce. Sannan masu cewa "kuran" da "panno" da "gazuwal" su ne za su tuhumi Kano da ɓata Hausa?

Baba Mai Ritaya:
Ku da ke ce wa wuta "nepa", sunan kamfanin da anka rushe tuni? "Lantarki" da "sola" daga wace rijiyar Hausa kunka ɗebo su? Yaro, gidan sarautar Katsina na asali nan Maraɗi ya zauna bayan jihadi. Ba a koya mana Hausa.

Bakano a Maraɗi:
Baba, daidaitacciyar Hausa dai kan karin Kano aka gina ta, ba ni na tsara ba.

Mushen Mokoyo:
Ƙauramashi ba ta Kano ba ce, ba ta Faransa ba ce. A nan Mokoyo aka haife ta.

Hajiya Mai Waina:
Ku dakata haka nan. Ƙanwata, wa zai saurare ki ƙarfe 8? Mu ne, muna gaban murhu. Sauyin da ake ta roƙonmu mu yi shi ne mu bar itace mu koma tukunyar gas, don daji ya huta, idanunmu su huta da hayaƙi. Yanzu ke kuma za ki ce duniya na gudun gas. In ba ki warware wannan ba, kowace kalma kika ɗauka ruɗa mu za ki yi.

Ƴar Bagalam:
Hajiya, wallahi wannan bai zo mini ba. Ga abin da na tsayar, lokaci ya tafi. Farkon ambato zan ce "sauya hanyoyin samun makamashi, wato rage kwal da mai a ƙara rana da iska", in biyo da jimla ɗaya kan itace da gas a gidajenmu. Daga nan sai "sauyin makamashi" kawai. Jimlar farko kuma ta zama "ɗumamar duniya ce ta jawo", an rabu da sauyi biyu. Mushe, ku yi haƙuri, edita ba zai bar ƙauramashi ta wuce ba.

Mushen Mokoyo:
Ba komai. A ajina dai ita ce.

Baba Mai Ritaya:
Ɗiyata, na bar miki makamashi don dare ya yi, ba don na yarda ba. In "renouvelable" ta zo cikin takardar, kar ki ce "mai sabuntawa". Rana ba ta taɓa tsufa ba balle a sabunta ta.

Ƴar Bagalam:
Baba, tana shafi na biyu.